Littafin aikinmu: jirgin ƙasa da rediyo a Ngaundare, 2024

14 ga Janairu

Yau muka zauna mu huɗu a zauren Kawu a Sabongari, muka tsayar da magana. Bana layin dogo ya cika shekara 50 da isowa garin nan. Daga Yawunde an kai shi Belabo a 1969, bai iso Ngaundare ba sai 1974, kuma nan ya tsaya har yau, kilomita 622 daga babban birni. Duk kayan da za su wuce Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, a gar ɗinmu, wato tashar jirgin garin nan, ake sauke su daga tarago a ɗora wa manyan motoci. Muka ce bai kamata shekarar ta wuce mu muna zaune kan benci muna kallon jirgi kawai ba.

Mu huɗun: Kawu, wanda ya yi aikin juya layi tun zamanin Regifercam, hukumar jirgin ƙasa ta gwamnati, ya ajiye aiki bayan kamfanin Camrail ya karɓi layin a 1999, Malam, wanda shi kaɗai ke da lasisin rediyon 'yan sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai, da lambar kira mai farawa da TJ, alamar Kamaru, ni mai gyaran waya, sai Auta, ɗan yayata, mai ɗaukar kaya da hawan bishiya.

Buri biyu ne. Na farko, mu san daga wane nisa za mu iya jin muryar mutum yana cikin jirgin fasinja da oba-oba a hannu. Na biyu, a watan Satumba mu yi magana da masu son jirgin ƙasa na Ingila, waɗanda kowace shekara suke kafa rediyo a tsofaffin tashoshinsu.

Malam ya gindaya sharaɗi kafin a sha shayi. Shi kaɗai zai danna maɓallin magana, sauranmu saurare ne namu har sai mun samu takarda. Kuma hanyar da ma'aikatan jirgi ke magana da junansu ba ruwanmu da ita, ko da wasa. Kawu ya ce wannan ko ba a faɗa ba, shi zai fara fasa akwatin wanda ya gwada, don ya san abin da kalma ɗaya ta kuskure kan jawo a kan kwangiri.

3 ga Fabrairu

'Yar na'urar saurare ta iso, wani direban bas ya kawo mini daga Duwala. RTL-SDR ce, girmanta bai wuce filashi ba, irin wadda ke sauka har gajeren zango. Da kuɗin aike ta tasar mini jaka ashirin da biyar. Ana cusa ta a kwamfuta, sai zangon ya bayyana a allo kamar ruwa yana gangarowa, kowace tasha da zanenta.

Daren farko ba abin da na ji sai shuuu. Na ɗora wa mai sayarwa laifi, ashe laifin a shagona yake: cajojin waya goma sha ɗaya a jone, kowace na fesa ƙara cikin iska. Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta a unguwa, kwamfutar ta koma kan batir, allon ya yi fes. Ban taɓa murnar ɗauke wuta ba sai ranar.

18 ga Fabrairu

Mun yanka eriyar zangon da ake kira mita 40, wato wajen megahaz 7. Lissafin ba wuya: a raba 143 da megahaz 7.1, a samu mita 20 da ɗoriya, wato mita 10 da 'yan santimita kowane hannu. Malam ya ce a yanka da saura, don ragewa ta fi ƙari sauƙi. Wayar wuta ce ta gini, mun ɗaure tsakiyarta a kan gora, hannu ɗaya a mangwaron gidan Kawu, ɗaya a katangar maƙwabci. Sau huɗu Auta ya hau ya sauko muna datse tafin hannu guda-guda, har ma'aunin Malam ya nuna eriyar ta daina maido da ƙarfi baya.

Ni na so a ɗaga ta sama sosai. Malam ya ce a bar ta a mita 5. Eriyar da ke kusa da ƙasa sama take harba sigina, ta bugi wani rufi na iska mai caji can ƙololuwa, ta zubo ƙasa kamar laima, ta rufe ɗaruruwan kilomita kewaye da kai. Wanda ke son jin Belabo da Yawunde da Njamena, wannan yake buƙata. Ta nesa daban za a yi mata.

Abu biyu na koya. Iskar hunturu mai ƙura tana tara caji a waya. Na taɓa kan kebul ɗin ya ja ni har sai da na yi salati. Na biyu kuma, da safe Inna ta shanya zannuwa uku a hannun eriyar na wajen katanga. An ba ta haƙuri, an saya mata igiya.

9 ga Maris

Gwaji kafin azumi. Na haɗa eriya mai nuni ta zangon mita 2, wato tsakanin megahaz 144 da 146, da tef ɗin awo na ƙarfe da bututun roba na ruwa. Sanda uku ce, mafi tsawo santimita 105. Amfanin tef shi ne in ka shiga daji da ita tana lanƙwasa ta miƙe da kanta.

Malam ya hau moto ya nufi Dang wajen jami'a da oba-obarsa mai wat 5, ni da Auta muna kan rufin shago. Muryar na zuwa a shaƙe, kamar mai magana daga cikin rijiya. Ya bugo mini waya ya ce, "Yaya ka riƙe ta?" Na ce a kwance, kamar ta talabijin. Ya yi dariya har na ji haushi. Eriyar oba-oba a tsaye take, don haka mai karɓa ma sandunanta a tsaye za su kasance. Ina juya ta, sai ga shi tamkar yana gefena.

Kawu ya karɓe littafin rubuta lokaci daga hannuna. Ya ga na rubuta "wajen la'asar", ya ce, "Ɗana, jirgi ba ya zuwa wajen la'asar. Yana zuwa sha shida da minti bakwai." Da Malam ya yi masa bayanin cewa 'yan rediyo na duniya duka agogo ɗaya suke bi, UTC, kuma namu ya wuce shi da awa ɗaya, sai ya ja layi biyu da rula a kowane shafi. Tun ranar ba mai taɓa littafin sai shi.

21 ga Afrilu

Azumi ya wuce, Salla ta wuce, ruwa ya sauka. Wannan makon aka yi babban gwajin, don aiki ya kai Malam Yawunde, ya tafi da jirgin dare ya dawo da shi. Kafin tashi ya nuna wa ma'aikatan jirgin lasisinsa da na'urar, ya faɗa musu abin da zai yi, ba su hana ba.

Tafiyar ba ta yi mana daɗi ba. Muna kan rufi bayan magariba, mun tsaya a megahaz 145.500, ya kira da lambarsa muka ji shi sarai yana cikin gar. Jirgi ya yi oda ya ja. Minti goma sha huɗu, in ji littafin Kawu, murya ta fara yankewa. Minti goma sha tara ta ɓace. Dalili biyu ne. Tarago akwatin ƙarfe ne, sigina ba ta da mafita sai taga, kuma tagar Malam ta koma ɗaya gefen da layin ya karkata. Sannan wannan zango ba ya zagaye tudu. Kusan abin da ido zai iya hangowa shi kunne zai ji, ga shi ƙasar Adamawa duk tudu da kwari ce, garin kansa yana sama da mita 1,000 daga teku.

Don dawowar sai muka canza dabara. Yau da asuba, bayan salla, muka hau dutsen Ngaundare, wanda garin ya ci sunansa, dutsen cibiya a harshen Mbum saboda ƙaton dutsen da ke zaune a kansa. Kawu ya ce sai ya je. Mun roƙe shi ya zauna, ya ce shekara nawa yana jiran jirgi a tsaye cikin ruwa da rana, yau ne zai jira shi a kwance? Auta ya ɗauki jaka da kujerar roba, ni na riƙe hannun tsoho, muka yi ta hutawa a hanya. Ciyawa ta jiƙe da raɓa, takalmina ya zame sau biyu, sau ɗaya ma kwamfutar na hannuna.

Akwai lissafin da Malam ya koya mini: ka ɗauki tushen tsayin eriya a mita, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka tsayin, ka ninka da 4 da ɗan kaɗan, ka samu nisan da za ta hango a kilomita. Mita 9 na rufin shago bai wuce kilomita 12 da ɗan kaɗan ba. In ka samu mita 100 sama da kewaye, ka kai 40. Hawa ya fi ƙarin wat amfani, kuma kyauta ne, gwiwa kawai ke biya.

Mun yi alkawari zai riƙa kira duk bayan minti biyar da zarar sun bar tashar Makor, kuma wannan karon zai tsaya a ƙofar tarago ta gefen da ke kallon gari. Muka zauna. Rana ta fito, hazo na kwance a kwarin Vina, ƙasa ana jin kukan zakara da ƙarar moto. Auta na riƙe da eriyar yana nuna kudu maso yamma har hannunsa ya gaji ya ɗora ta a kafaɗa. Allo shiru. Kawu na cin goro yana duban agogo, ba ya ce wa kowa komai.

Sai wani siririn zane ya bayyana a allon, ya ɓace. Bayan minti biyar ya dawo da kauri. Na ƙara murya, sai ga lambar Malam a gutsuttsure, ƙarƙashinta kuma wani abu na bugawa, kaca-kaca, kaca-kaca. Kawu ya tofar da goron ya matso da kunne. Ya ce, "Ƙafa ce a kan mahaɗin kwangiri. Ku yi shiru." Ya rufe ido yana ƙirga bugun da yatsa a gwiwarsa, ya ce direban ya rage gudu, suna hawa. Kira na gaba Malam da kansa ya ce suna kan hawa. An ce gani ya kori ji, amma yau ji ya riga gani da minti 52, don sai bayan haka muka hango kan jirgin ya ɓullo ta cikin itatuwa.

Ba mu da damar amsa masa ta iska, sai Auta ya tura masa saƙon waya: "Mun ji ka." Malam ya ce saƙon bai shiga ba sai da suka kusa gari. Wannan ya faranta mini rai fiye da yadda ya kamata ga mai cin abinci da gyaran waya.

Saukowa ta fi hawa wuya. Kawu na can yana shafa man zafi.

12 ga Mayu

Jiya na kunna na'ura, mita 40 shiru, mita 20 shiru, ko manyan tashoshin gajeren zango da kyar. Na kwance kebul, na sake like mahaɗi da dalma, na sa Auta ya sauke eriya muka duba ta taku-taku. Lafiyarta ƙalau. Da yamma Malam ya zo ya tarar da ni cikin wayoyi, ya ce rana ce ta yi aman wuta. Guguwar rana da ta bugi duniya ranakun 10 da 11 ga wata ba a ga mai ƙarfinta ba tun 2003, kuma ita ta birkita rufin iskan da ke maido mana da sigina. Yini guda na aiki ya tafi a banza, ga masu waya uku sun zo sun koma.

30 ga Yuni

Tsawa ta faɗi kusa da gidan Kawu daren Juma'a. Allah ya kiyaye, kebul a cire yake, an jefa kansa waje. Mun kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa. Doka: hadari ya haɗo, a cire komai, ko ana tsakiyar magana.

18 ga Agusta

Ɗan baffana da ke Njamena, wanda kayansa ke bi ta gar ɗinmu, yana da rediyon gajeren zango mai kama irin muryar 'yan sha'awa. Na koya masa ta waya yadda zai murɗa a hankali har muryar agwagwa ta koma ta mutum, kuma a mita 40 ɓangaren ƙasa ake zaɓa, LSB. Da safiyar yau Malam ya yi kiran gwaji da wat 50 daga zauren Kawu, shi kuma ya naɗi abin da ya ji ya turo ta WhatsApp. A miƙe tsakaninmu ya fi kilomita 500, kuma ana gane kowace kalma. Eriya mai ƙasa-ƙasa ta fita kunya, ni ma na janye ƙorafina na Fabrairu.

Cadi ba ta da layin dogo ko taku ɗaya. An daɗe ana zancen miƙa namu zuwa Njamena, Kawu ya ce tun yana da baƙin gashi yake jin zancen. Ɗan baffan nawa bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba, amma yanzu shi ne ya fi kowa tambaya. Har ya fara neman yadda ake samun lambar TT, tasu ta can.

Ni kuma ina karatu: dokar Ohm, iyakokin zanguna, haruffan kira na duniya, da gajerun kalmomin da aka gada daga zamanin tangarahu, irin su QTH wato inda kake, da 73 wato gaisuwar rabuwa. Kawu ya ce ba abin mamaki ba ne masu jirgi su so wannan abu, don tun asali wayar tangarahu gefen kwangiri ta bi, tasha na gaya wa tasha jirgi ya taso. Malam ya ƙara da cewa ma'aikatan jirgin ƙasa masu rediyo suna da ƙungiyarsu ta duniya, FIRAC, tun 1964. Kawu ya ce da ya sani da ƙuruciya da albashinsa ya ga ta kansa.

15 ga Satumba

Eriyar mita 20 ta hau. Mita 5 da kaɗan kowane hannu, a kan gora biyu da aka haɗa, gefenta na kallon arewa. Mun sayi batirin mota na hannu, Malam ya kawo allon sola.

29 ga Satumba

Ingilawa na yin wannan taro nasu, Railways on the Air, a ƙarshen makon da ke kusa da 27 ga Satumba, ranar da aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825. Ƙungiyoyin 'yan rediyo kan kafa na'ura a tashoshin jiragen tarihi, irin masu tururi da 'yan sa-kai ke kula da su, da lambobi na musamman masu farawa da GB.

Jiya Asabar ba mu samu komai ba. Da yawansu a mita 40 da 80 suke magana da junansu, wanda da rana ba ya ƙetare Sahara. Wata matsalar kuma ba mu yi tsammaninta ba: Malam na ambatar lambarsa a mita 20, sai Turai ta rufto masa, Italiya, Sifen, Jamus, kowa na ihun tasa lambar, don TJ ba kasafai ake jin ta ba. Ya amsa wa 31, Kawu na rubutawa, hannunsa har rawa yake. Cikinsu ba mai jirgi ko ɗaya. Wani ɗan Faransa dai ya ce mahaifinsa ma'aikacin jirgi ne, muka ɗan ji sanyi.

Yau muka bar kira, muka koma farauta. Ni ke kallon allo ina nuna zane, Malam na murɗawa. Ƙarfe 15:41 UTC muka ji GB, murya ta tsoho, a raunane, tana tashi tana faɗuwa. Sau shida Malam ya kira. A na bakwai mutumin ya ce kowa ya dakata, ya ji wata tasha daga Afirka. Suka yi musayar rahoto, wato makin tsabtar murya da na ƙarfin sigina, ya ba mu 4 da 3, mu muka ba shi 5 da 4. Malam ya gaya masa muna ƙarshen layin dogon Kamaru, murabba'in JJ67 a taswirar 'yan rediyo, layin ya cika shekara 50, kuma ga tsohon mai juya layi a zaune kusa da shi.

Kawu ya ja rigar Malam. "Tambaye shi faɗin kwangirinsu." Malam ya tambaya. Amsa ta zo cikin ƙara: milimita 1,435. Malam ya ce namu 1,000 cif, mita guda. Kawu ya sake jan riga, a gaya masa tsohon layin Najeriya 1,067 ne, don kada ya ɗauka duk ɗaya muke. Kafin Malam ya gama fassarawa sigina ta nutse. Mun jira minti goma, ba ta dawo ba, ko 73 ba a yi ba. Nisa sama da kilomita 5,000, magana minti huɗu.

Inna ta leƙo ta ce ihun me ake yi, ko an yi haihuwa ne.

20 ga Oktoba

Ruwa na janyewa. Na kai hoton gar wajen mai buga kati, za a yi mana katin shaida 100 da lambar Malam, a aika wa duk wanda aka yi magana da shi. Kawu ya dage sai an rubuta 1974 da 2024 a ƙasan hoton, kuma na tsohon Ingila shi zai sa hannu a baya, ya ƙarasa masa zancen 1,067.

Takarduna na neman lasisi sun haɗu, saura hoto biyu. Batirin mota ya fara sanyi, ba ya wuce awa biyu, a binciki wani.

Gwaji na gaba a Disamba, in Allah ya kai mu: Malam zai sauka Ngaundal da eriyar mita 40 a jaka, ya rataye ta a bishiya kusa da gari, mu ji ko laimar nan za ta rufe inda oba-oba ta gaza. Daga nan sai Mbitom da Belabo, tasha-tasha. Kawu ya riga ya ja layi a shafi goma sha biyu, ya rubuta sunayen tashoshin daga ka. Ya ce a nemo masa jan biro, shuɗin na ƙarewa.